Murfin Adakar Baba Zuberu

Issahaku ɗan gidan fataken goro ne a Salaga, amma shi bai tarar da goron ba. Ko da ya yi wayo gidansu ya koma cinikin doya, shi kuma ya buɗe ɗan shago a bakin kasuwa yana sayar da sabulu da sukari da ashana. Abin da mutanen gari suka fi saninsa da shi kuwa shi ne tara katin hotunan 'yan wasa.

Abin ya samo asali ne bayan rasuwar mahaifinsa. Da ake kwashe kayan ɗakin marigayin, sai aka ci karo da wasu 'yan katuna biyar a cikin wani gwangwani, kowane bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, duk sun yi ja don tsufa. Irin waɗanda ake sakowa cikin kwalin sigari ne a zamanin Turawa: uku 'yan ƙwallo masu wando har gwiwa, biyu 'yan dambe sun dunƙule hannu. 'Yan'uwansa suka ce a zubar, shi kuwa ya zura su a aljihu.

Tun daga nan ya shiga neman irinsu. Ba a sayar da su a ko'ina, sai dai a tarar da ɗaya ko biyu a hannun wani tsohon ɗan sanda ko malamin makaranta da ya yi ritaya. Su kuma ba kasafai suke yarda su karɓi kuɗi ba, amma in ka nuna musu sababbin katuna masu launi, irin na cikin cingam, sai ka ga sun yi laushi. Don haka Issahaku ya zama babban mai cin cingam a Salaga. Yana taunawa har muƙamuƙinsa ya yi tsami, yana roƙon direbobi da mata masu talla su riƙa ajiye masa nasu, in ya tara sai ya ba da sababbi da yawa ya karɓi tsoho guda. Matarsa Mansuratu takan ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ke ba da sabo ya karɓi tsoho yana godiya ba sai mijinta.

A daminar 1990, bayan an gama gasar Kofin Duniya, Muniru direban lorin doya ya dawo daga Bawku ya tsaya a shagon.

"Na samo maka mutuminka," in ji shi. "Wani tsohon soja ne a Zangon Bawku, Baba Zuberu. Ya yi yaƙin Bama. An ce yana da irin katunan nan naka sun fi ɗari."

Issahaku ya ajiye mudun sukarin da ke hannunsa. "Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba. Shi ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce idonsa ya daina ganinsu, sun yi masa ƙanana. Ya ji wasan Kamaru a rediyo, ranar da suka doke Ajantina har kuka ya yi. Ya ce duk wanda ya kawo masa 'yan Kamaru gaba ɗayansu, manya masu launi da zai iya ganin fuskokinsu, ya ba shi tsofaffin." Muniru ya ɗauki cingam guda a kan tebur ya ɓare. "Amma ka yi sauri. Akwai wani mai sayen tsofaffin kaya da ke shigowa daga Togo ta Pusiga, yana bin gidajen tsofaffin sojoji ɗaya bayan ɗaya."

Ranar Issahaku ya kasa cin abincin kirki. Ya baje katunansa a kan tabarma ya ware 'yan Kamaru. Duk suna nan, ban da mai tsaron gida. Ya sake dubawa, ya zazzage gwangwanin, ya leƙa ƙarƙashin tabarma. Ya san dai bai taɓa samunsa ba. Mutum ɗaya ya sani mai wannan katin, wato Fuseini, yayan Mansuratu, wanda ke koyarwa a Yendi.

"In kuma ka je ka tarar ƙarya ce fa?" Mansuratu ta tambaye shi tana ɗaure masa gari da ƙuli a leda. "Tsoho yana iya cewa ɗari alhali goma ne. Yana iya cewa yana da su alhali gara ta cinye tun zamanin da."

"Na yi wannan tunanin."

"To?"

"In ban je ba, ba zan ƙara samun sukuni ba."

Ta dube shi, ta ƙara masa leda biyu. "Ka naɗe gwangwanin da kyau. Ruwa ake yi a hanya. Shagon zan zauna maka."

A Yendi, Fuseini ya tarbe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo tuwo da miyar ayoyo, ya tambayi ƙanwarsa da mutanen gida. Sai da aka wanke hannu Issahaku ya faɗi abin da ya kawo shi. Fuseini ya shiga ɗaki ya fito da katin a cikin ambulan, ya ɗora a gwiwarsa bai miƙa ba.

"Kowa a Yendi yana neman wannan," in ji shi. "Ba ya fitowa a cingam sai an yi sa'a."

"Yaya, zaɓi duk waɗanda kake so a cikin sababbin nan. Ɗebi ashirin ma."

"Ina da su duka. Abin da ba ni da shi, tsoho." Ya yi murmushi. "Ka zo da na mahaifinka, ko? Na san ba ka tafiya babu su. Ɗan damben nan mai sanƙo nake so."

Issahaku ya dubi ambulan ɗin. Shekara da shekaru yana ba da sabo ya karɓi tsoho, yau ga shi ana so ya juya hanya, kuma da katin mahaifinsa, saboda abin da bai gani ba, a kan maganar direba.

"Yaya, ara mini. In abin bai yiwu ba na dawo maka da shi."

"In ya yiwu kuma ni na tashi a tutar babu ke nan? Surukina, musaya muke yi, kai ka koya mini."

Issahaku ya fita tsakar gida kamar zai yi alwala, ya tsaya a gindin randa yana kallon babura suna wucewa ta ƙofar gida. Ya tuna mai sayen kayan nan na Togo, wataƙila a daidai wannan lokacin yana zaune a gaban tsohon. Ya koma ciki ya zaro ɗan damben daga aljihun ƙirjinsa ya miƙa, bai yarda ya kalli hoton ba.

Lorin da ya samu zuwa Bawku mai bodin katako ne, an cika shi da buhunan masara, fasinjoji a kai. Tun kafin Gushegu hadari ya haɗo. Aka ja tamfal, amma tamfal ɗin duk huji ne, ruwa yana ɗiga a wuyansa yana gangarawa cikin rigarsa. Ya cusa gwangwanin a cikinsa ya duƙa a kai. Lokaci zuwa lokaci sai ya zura hannu ya taɓa ledar ya ji ko ta jiƙe, kuma da yake hannun nasa a jiƙe yake, ba ya iya bambancewa. Wata dattijuwa da ke kusa da shi ta tambaye shi ko ciwon ciki yake yi.

A wani rafi da ya cika ya haye hanya, direba ya ce kowa ya sauka ya ƙetare da ƙafa. Ruwan ya kai wa Issahaku ƙugu. Ya ɗora gwangwanin a ka ya danne da hannu biyu, yana lalube da yatsun ƙafa. A tsakiya santsi ya kwashe shi, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ruwa ya shiga bakinsa, takalminsa guda ya tafi. Hannuwansa dai ba su sauko daga kansa ba. Da ya hau tudu ya zauna a kan dutse yana haki, ya so ya buɗe ya duba, amma ana yayyafi, buɗewar ma wata kasada ce. Haka ya haƙura, suka gangara dutsen Nakpanduri a hankali, birki yana kuka, shi kuwa hankalinsa na cikin gwangwani.

Sai da suka isa Bawku, a rumfar wani mai shayi, ya goge hannuwansa sosai ya kwance ledojin. Katunan a bushe suke. Ya sayi silifa, ya tambayi gidan Baba Zuberu soja, aka nuna masa.

Wata mace mai kimanin shekara hamsin ce ta amsa sallamarsa, tana riƙe da rariya. Ita ce Abibatu, 'yar tsohon, wadda ke kula da shi. Ya gaishe ta ya faɗi daga inda ya fito.

"Kai ne na Salaga? Muniru ya yi maganarka. Shigo."

"Mma, kafin in shiga... wani ya riga ni zuwa? Wani daga Togo?"

"Ya zo. Ya sayi lambobin yaƙin Baba da hularsa."

"Katunan fa?"

"Ya duba su ya ce ba ya so."

Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ƙara tashi. Me mutumin ya gani da ya sa ya ƙi?

Baba Zuberu yana zaune a bakin gado, dogo, siriri, idanunsa sun yi fari-fari. Ya riƙe hannun Issahaku ya daɗe bai saki ba, ya tambayi Salaga da rijiyoyinta, ya ce ya taɓa kwana a can yana saurayi. Ya ba da labarin yadda ya shiga soja a Tamale kafin yaƙi, aka sa shi yi wa wani hafsa Bature hidima, mutumin da ba ya rabo da sigari. Duk kwalin da ya buɗe sai ya jefar da katin, shi kuma ya tsince. Issahaku yana amsawa da "to, Baba", idonsa na yawo a ɗakin.

"Abibatu, jawo adakar."

Ta jawo wata tsohuwar adakar katako daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Issahaku ya leƙa ciki, sai tsofaffin riguna da bargo. Daga nan ya ɗaga ido ya ga murfin.

Cikin murfin gaba ɗaya katuna ne, layi-layi, daga gefe zuwa gefe, babu inda katako ya fito. 'Yan ƙwallo, 'yan dambe, 'yan tsere, har da masu ninƙaya. Bai taɓa ganin ko rubu'insu a wuri ɗaya ba. Ya kai hannu zai ɗauki ɗaya, sai ya ji bai motsa ba. An manna su ne.

"Da ƙaro na liƙa su," in ji tsohon cikin alfahari. "Shi ya sa ko ɗaya bai ɓace ba. Sun hau jirgin ruwa, sun shiga dajin Bama, sun dawo."

Issahaku ya zauna a ƙasa. Ya tuna ɗan damben mahaifinsa yana can a Yendi.

"Baba, za su ɓanɓaru kuwa?"

"Gwada mana. Ai naka ne in ka kawo mini mutanena."

Abibatu ta kawo reza da butar ruwan zafi. Issahaku ya kara bakin butar kusa da katin wani ɗan dambe na layin sama don tururi ya sassauta ƙaron, ya jira, sa'an nan ya sa bakin rezar a kusurwa. Kusurwar ta ɗaga. Ya ƙara turawa kaɗan, ta ƙara ɗagawa, har ya fara jin daɗi. Ya kama da yatsa biyu ya ja a hankali. Sai ya ji wani ɗan sauti, kyat. Rabin hoton ya taho a hannunsa, siriri kamar ɓawon albasa, rabin ya tsaya a katako. Fuskar ɗan damben ta rabu biyu daga goshi zuwa haɓa.

"Mene ne ya yi ƙara?" in ji tsohon.

Issahaku ya dubi Abibatu.

"Abibatu, mene ne ya yi ƙara?"

"Ɗaya ne ya yage, Baba."

"Wanne?"

"Layin sama," in ji Issahaku. "Na uku daga hagu."

Tsohon bai ko juya wajen adakar ba. "Mai Gashin Baki," in ji shi. "Ban iya karanta sunayensu ba, sai na raɗa musu nawa. Shi ne na farko da na tsinta. A Bama kullum da safe in na buɗe adaka shi nake fara gani, in ce to, yau ma mun kwana." Ya jawo bargo ya rufe ƙafafunsa. "Rufe adakar, Abibatu. Baƙo ya gaji, a ba shi abinci."

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya sa ɗan yagaggen hoton a tsakanin katuna biyu don kada ya nannaɗe, ya yi ta saƙa da warwara. Ya rasa katin mahaifinsa, ya ɓata na tsohon mutane, kuma ko da an ce ya ci gaba, ba zai ƙara kusantar murfin nan da reza ba. Da gari ya waye ya riga ya yanke shawara: zai nemi gafara, ya bar wa tsohon 'yan Kamaru, ya kama hanya.

Ya tarar da Baba Zuberu yana shan koko. Ya durƙusa ya faɗi abin da ke ransa, ya ajiye katunan a gefen gado.

"Ɗauke kayanka," in ji tsohon. "Ni ba sadaka na nema ba. Musaya na ce."

"Baba, in na ci gaba duk zan lalata su."

"To ka bar su inda suke."

Abibatu tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ajiye kwanon ƙosai ta ce, "Baba, in yi magana? Gindin adakar nan gara ta fara ci, na gaya maka tun bara. Kuma ka san 'ya'yan ƙanenka. Ranar da ba ka nan, wake za su zuba a ciki. Wannan bawan Allah na ji labari da takalmi ɗaya ya shigo garin nan, amma katunansa ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Me zai hana a kira kafinta ya kwance murfin gaba ɗaya a ba baƙon, kai kuma ya yi maka sabo?"

Issahaku ya ɗago kai. Ko kusa wannan bai zo masa a rai ba. Ya dubi tsohon, ya kasa karanta komai a fuskarsa. Baba Zuberu ya ci gaba da shan kokonsa har ya shanye, ya goge baki, ya ajiye kwanon.

"Rabin fuskar yana wurinka?"

"Yana nan, Baba."

"Mayar masa da ita. Sa'an nan ka rantse mini ba za ka ƙara sa musu reza ba, kai ko wani."

"Na rantse da Allah."

"Kuma ba za ka fita da su gidan nan ba sai ka san sunan kowa."

Abibatu ta jiƙa ƙaro a murfin kwalba. Issahaku ya ɗauki tsinken tsintsiya ya shafa, ya daidaita rabin hoton yana riƙe numfashi. Hoton ya zauna, amma layin yagewar ya fito, fari siriri ta tsakiyar hanci. Ya faɗa wa tsohon gaskiya. Tsohon ya shafa wurin da ɗan yatsa ya ce ɗan dambe ne, ba ya rasa tabo.

Kafinta ya zo ya kwance ƙusoshin, ya auna, ya tafi yanko sabon katako. Su kuma suka zauna da tsohon murfin a kan gwiwoyinsu. Baba Zuberu yana bin layi da yatsa yana kira: Gajere, Ɗan Sarki, Mai Kunnen Zomo, Ba Ya Dariya, Ƙanen Saje. Issahaku yana maimaitawa. In ya yi kuskure sai tsohon ya buge masa hannu ya ce a koma farkon layi. Haka suka wuni.

Da sabon murfi ya iso aka ɗaura, tsohon ya ce a kawo masa mutanensa. Ya riƙa ɗaukar katin ɗaya-ɗaya yana kai shi dab da idonsa na dama, yana juyawa wajen hasken taga.

"Kore da ja," in ji shi. "Ina gani. Wallahi ina ganin haƙoransa ma." Ya yi dariya har da tari. Sa'an nan ya miƙa wa Issahaku murfin kwalbar ƙaro. "Liƙa mini su a sabon murfin."

"Baba, in aka liƙa sun lalace ke nan. Bari in samo maka ambulan."

"Nawa ne ko naka?"

Issahaku ya liƙa su da hannunsa, yana jin kowane a ransa, musamman mai tsaron gidan, wanda tsohon ya ce a sa shi a tsakiya.

Washegari ya naɗe tsohon murfin da zanen da Abibatu ta ba shi, ya bi da ledoji, ya ɗaure da igiya. A tasha kwandasta ya ce a jefa shi sama tare da kaya, Issahaku ya ce sam, aka yi ta ja-in-ja har direba ya sa baki aka bar shi ya shiga da abinsa. Ya zauna ya ɗora murfin a tsaye a kan cinyoyinsa, ya tare masa gaba har ba ya ganin hanya. Matar da ke gefensa ta ce kusurwar tana sukar ta a kafaɗa, ya ba ta haƙuri ya gyara, na ɗaya gefen kuma ya fara ƙorafi.

Sun wuce Binduri ke nan iska ta juya, ya ji ƙanshin ruwa. Ya leƙa ta gefen murfin ya ga gabas ta yi baƙi. Ya tambayi kwandasta ko tamfal ɗin motar nan yana da huji. Kwandasta ya ce kaɗan ne. Issahaku ya tuɓe rigarsa ta sama ya lulluɓa wa murfin, ya rungume shi da hannu biyu.